A Ware wa Sashen Gano Cututtuka Kuɗin Bincikensa



Sharhinmu na yau a kan wani sashe ne na asibiti wanda kusan kowa ya taɓa biyan kuɗi dominsa, amma kaɗan ne suka san abin da ake yi a bayan tagarsa. Likita ya duba ka, ya rubuta 'yar takarda, ya ce je ka lab. Ka bi layi ka biya, ka karɓi rasit, a ɗebi jininka ko ka miƙa kwalbar fitsari, a ce ka dawo gobe ko jibi. Iyakar sanin yawancinmu ke nan. To a bayan wannan taga akwai sashe guda cikakke, sashen gano cututtuka, wanda ma'aikatan asibiti ke kira fatoloji. A manyan asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, rassa huɗu gare shi: masu duba jini, masu auna sinadaran jiki kamar sukari da aikin ƙoda da hanta, masu farautar ƙwayoyin cuta, sai masu duba tsokar da aka yanko daga jikin mara lafiya a ɗakin tiyata. Su ne ke yanke hukuncin ko kumburin nan na mama ciwon daji ne ko ba shi ba ne. Likitan tiyata yana iya zato, amma maganar ƙarshe tasu ce.

Magana ɗaya nake tafe da ita. Ya kamata kowane asibitin koyarwa ya ware wani ɗan kaso tsayayye daga kuɗin da wannan sashe ke shigo masa da su, a ajiye shi domin binciken da ma'aikatan sashen za su yi a kan cututtukan mutanen da ke zuwa asibitin. Kuɗin cikin gida, wanda ba sai an jira Abuja ko Landan ko Washington ba. A manyan asibitocin jami'o'in Amurka wannan abu ne da aka saba: sashen fatoloji yakan ɗebi wani abu daga ribar gwaje-gwajen da yake yi, ya kafa kwamiti, ma'aikaci ya rubuto abin da yake so ya bincika, in an gamsu a ba shi. Kuɗin ba su da yawa idan aka kwatanta da tallafin gwamnati, amma da su ake fara komai.

Wani zai ce, ɗan ƙaramin kuɗi me zai tsinana a harkar kimiyya? Bari tarihi ya ba shi amsa.

A shekarar 1957, a asibitin Mulago da ke Kampala a ƙasar Yuganda, an nuna wa wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt wani ƙaramin yaro da muƙamuƙansa suka kumbura. Ba a jima ba ya sake ganin wani yaron da irin wannan kumburi. Sai ya koma ya tone tsofaffin takardun asibiti, ya tara bayanin yara 38 masu wannan larura, ya wallafa a 1958. Shi Burkitt aikinsa wuƙa ne. Likitocin fatoloji na wurin, Greg O'Conor da Jack Davies, su suka zauna da gilasan tsokar yaran a ƙarƙashin madubin likita har suka tabbatar cewa ciwon daji ne na ƙwayoyin garkuwar jiki, kuma ko da a wani yaron a muƙamuƙi ya fito, a wani kuma a ciki, cutar ɗaya ce. Kuɗin bincike na farko da Burkitt ya samu, jimillarsu fam 25 ne. Da su ya buga takardu masu hoton yaran, ya aika wa asibitoci a faɗin Afirka ta gidan waya, yana tambaya ko suna ganin irin wannan a wurinsu. Amsoshin da suka dawo suka nuna cutar tana bin yankuna masu zafi da ruwan sama. A 1961 shi da abokansa likitoci biyu suka shiga tsohuwar mota, suka yi tafiyar mil kusan 10,000 suna bin asibitoci ɗaya bayan ɗaya, suka tarar cutar ba ta hawa tsaunuka masu sanyi. Daga baya aka gane cewa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi kaka-gida, nan take. A Landan kuma wani masanin fatoloji, Anthony Epstein, ya saurari laccar Burkitt a 1961, ya roƙi a riƙa aiko masa da tsokar daga Kampala. A 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano ƙwayar bairos ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam.

Najeriya ma tana cikin labarin. Sashen fatoloji na asibitin koyarwa na Ibadan ne ya buɗe rajistar masu ciwon daji tun 1960, a ƙarƙashin Farfesa George Edington. A nan Ibadan ɗin, a 1963, aka raini ƙwayoyin wannan cuta daga jikin wani yaro ɗan shekara 11, ƙwayoyin da ake kira Raji, waɗanda har gobe ɗakunan bincike na duniya ke aiki da su. Victor Ngu, likitan tiyata ɗan Kamaru da ya yi aikinsa a Ibadan, yana cikin waɗanda suka karɓi lambar yabo ta Lasker a 1972 tare da Burkitt, saboda nuna cewa magani yana narkar da wannan ciwo. Wato akwai lokacin da duniya ke sauraron abin da ya fito daga ɗakin gwaje-gwajen asibiti a ƙasar nan.

Labari na biyu ya shafi ciwon da kusan kowane gida a ƙasar Hausa ya san sunansa, wato olsa. Shekara da shekaru likitoci sun yi imani cewa damuwa da yawan sinadari mai tsami a ciki su ke kawo gyambon ciki, kuma babu ƙwayar cutar da za ta iya rayuwa a tumbin mutum. A 1979 wani likitan fatoloji a asibitin Royal Perth na ƙasar Ostireliya, Robin Warren, yana cikin aikinsa na kullum, sai ya lura da wasu lanƙwasassun ƙwayoyin cuta a jikin tsokar da aka tsakuro daga tumbin wani mara lafiya. Ya ci gaba da tara misalai, abokan aiki ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. A 1981 wani matashin likita mai neman ƙwarewa, Barry Marshall, yana neman abin da zai yi bincike a kansa domin cika sharaɗin horonsa, aka tura shi wurin Warren. Suka duba marasa lafiya 100 da kayan asibitin da ke hannunsu. Sun yi ta ƙoƙarin rainon ƙwayar a faranti ba ta tsiro ba, domin ma'aikatan lab kan zubar da farantin bayan kwana biyu. A hutun Ista na 1982 aka bar faranti ya yi kwana biyar, ƙwayar ta fito. A 2005 mutanen biyu suka karɓi lambar yabo ta Nobel. Yau mai olsa da aka gano wannan ƙwaya a cikinsa yana iya shan magani na kamar mako biyu ya rabu da ita.

Ba ina cewa kowane ɗan bincike zai haifi lambar Nobel ba ne. Abin lura shi ne, duka ayyukan biyu sun fara ne daga mutumin da ke bakin aikinsa, ya ga abin da bai gane ba, kuma ya samu ɗan abin da zai bi sawunsa da shi. Manyan kuɗi daga baya suka zo, bayan an riga an ga alamar gaskiya. Haka tsarin yake har yau. Babu mai ba ka dala dubu ɗari saboda kana zato. Za a tambaye ka, ina sakamakon gwajinka na farko? Wanda ba shi da kuɗin yin gwajin farko kuwa, har abada ba zai kai ga na biyu ba.

Yanzu mu dawo gida, mu ga tambayoyin da ke zaune a ɗakunan gwaje-gwajenmu suna jiran mai amsa su.

Ɗauki takardar sakamakon gwajin jininka ka duba. A gefen kowace lamba akwai wasu lambobi biyu da ke nuna iyakar abin da ake ɗauka lafiya ne. Daga ina aka samo su? A wurare da yawa daga littafi ne, ko daga takardar kamfanin da ya ƙera injin, kuma a jikin Turawa aka auna su. Alhali an daɗe da sanin cewa mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu da ake kira Duffy, kuma masu irin wannan halitta wani nau'in fararen ƙwayoyin jininsu yakan yi ƙasa da na Bature, lafiyarsu kuwa ƙalau. Idan likita ya auna Bahaushe da ma'aunin da ba nasa ba, yana iya ɗage masa allurar ciwon daji da sunan jininsa ya yi ƙasa, alhali haka Allah ya halicce shi. Gyaran wannan ba ya buƙatar ƙwararre daga ƙasar waje. Lafiyayyun mutane 'yan ɗaruruwa ake buƙata daga cikin masu ba da gudummawar jini, maza da mata, da kuɗin sinadarai, da wanda zai zauna ya yi lissafi.

Ga kuma maganar taifot. Wane ne bai taɓa jin an ce masa maleriya da taifot ne ba? Gwajin da aka fi dogara da shi, wanda ake kira Widal, tun 1896 aka ƙirƙiro shi, kuma a wurin da mutane suka saba cuɗanya da ƙwayar, lafiyayye ma yana iya nuna alamar. Sahihiyar hanya ita ce a raini ƙwayar daga jini. Asibitin da ya kwatanta gwaje-gwajen biyu a kan marasa lafiyarsa na shekara guda zai iya gaya wa likitocinsa, da lambobi, mutum nawa ake ɗura wa maganin taifot ba tare da suna da shi ba.

Wannan ya kai mu ga magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda ake saye a kemis kamar alewa. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi tsanani shi ne namu, Afirka ta Yamma. Ƙwayar da ke kashe jarirai a ɗakin jinya na Kano ba lallai ta zama ita ce ta Legas ba, maganin da take ji ma haka. Kowane asibiti yana buƙatar nasa jadawalin, wanda ake sabuntawa duk shekara, a manna a ɗakin likitoci: ga ƙwayoyin da muke gani, ga maganin da ke ci, ga wanda ya daina. Sakamakon yana nan a cikin rajistocin lab. Mai tattarawa ne babu, da kuɗin sayen 'yan kayan tabbatarwa.

Amma misalin da ya fi taɓa zuciyata shi ne na sankarar mama. Idan aka cire ƙari daga maman mace, akwai gwajin da ake yi wa tsokar domin a ga ko ciwon yana cin abinci ne daga sinadarin mata na jiki. In haka ne, akwai ƙwaya mai sauƙin kuɗi, tamoxifen, da za ta riƙa sha tsawon shekaru, kuma tana rage dawowar ciwon ƙwarai. In gwajin ya ce a'a, ba za a ba ta ba. To wannan gwaji yana da sharaɗi. Dole tsokar ta shiga ruwan fomalin cikin awa guda da cire ta, ruwan ya kasance mai kyau kuma mai yawa, ta zauna a ciki daga awa 6 zuwa 72. In aka saɓa, alamar da ake nema tana lalacewa, sai gwajin ya ce babu alhali akwai. Yanzu ku tuna yadda abin ke gudana a asibitocinmu da yawa. An gama tiyata da yamma, an zuba tsokar a roba, an miƙa wa miji ko ɗan'uwa, an ce ya je ya biya ya kai lab. Kuɗi sun ƙare a tiyata. Ya tafi gida da ita, ko ya ajiye a ƙarƙashin gado, sai Litinin. Wani ma binne ta yake yi, domin a ganinsa sashen jikin mutum ne, hakkinsa a rufe shi, kuma babu wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani. An daɗe ana cewa mafi yawan sankarar maman matan Najeriya ba ta jin wannan ƙwaya. Sai wani bincike da aka yi a Ibadan aka wallafa a 2008, wanda aka kula da yadda ake adana tsokar, ya tarar kusan biyu cikin uku suna da alamar. Ku dubi girman wannan bambanci. Mata nawa aka hana maganin da zai amfane su saboda robar da ta kwana a hannun ɗan'uwa? Wannan tambaya ce da ƙaramin likita ɗaya da ma'aikacin lab ɗaya za su iya amsawa a asibitinsu cikin wata shida: su rubuta lokacin da aka cire tsoka, da lokacin da ta shiga fomalin, su kwatanta da sakamako. Babu wata gidauniyar ƙasar waje da za ta ba da kuɗin wannan, domin a wurinsu an daɗe da wuce wurin. Mu ne ba mu wuce ba.

Sauran tambayoyin ma suna da yawa. Akwai tsargiya a garuruwan noman rani na Kadawa da Bakolori da Goronyo, da alaƙarta da ciwon dajin mafitsara. Akwai ciwon ƙoda da ya addabi Gashuwa da Haɗeja. Akwai sanƙarau: bayan rigakafin nau'in A ya yi aiki, nau'in C ya ɓulla a yankin Sakkwato a 2013, ya yi ɓarna a Nijar a 2015, a 2017 kuma ya kama fiye da mutum 14,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 1,100. Ruwan ƙashin bayan da ake dubawa a lab ne kaɗai ke nuna cewa nau'i ya canza.

To wa ke biyan kuɗin bincike a yanzu? Amsar ba ta da daɗi. Duk likitan da ke neman zama ƙwararre, ko ta Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko ta takwararta ta Afirka ta Yamma, dole ya gabatar da kundin bincike kafin ya kammala. Galibi daga albashinsa yake biya. Kwalba ɗaya ta sinadarin da ake rina tsoka da shi domin irin gwajin da na ambata tana iya cin ɗaruruwan daloli, kuma daga waje ake shigo da ita. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Me kuke zaton matashin likita mai iyali zai yi? Zai zaɓi tambayar da aljihunsa zai iya ɗauka. Shi ya sa ɗakunan karatu suka cika da kundaye masu ƙirga tsofaffin fayiloli na shekara biyar ko goma, wannan ya yi, na bayansa ya maimaita. Ban ga laifinsu ba. An yi dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa ta 2017 da asusunta, amma an yi shi ne musamman domin jarrabawa da kwasa-kwasai, kuma biyansa kansa ya sha jawo yajin aiki.

Akwai asusun TETFund, kuma ya taimaka. Sai dai tallafin bincikensa na malaman manyan makarantu ne, kuma ƙaramin tallafin da ake rabawa a cikin jami'a ya yi shekaru bai wuce naira miliyan 2 ba. Likitan da asibiti ne ya ɗauke shi aiki, da mai neman ƙwarewa, da masanin kimiyyar gwaje-gwaje da ke tsaye a kan inji tun safe, ba su da ƙofar shiga sai sun raɓu da wani malami.

Akwai kuma kuɗin ƙasashen waje, kuma ba zan raina su ba. Binciken da aka yi a Kano tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, wanda ya nuna cewa ƙaramin awo na maganin hydroxyurea yana kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, aiki ne da iyaye da yawa ke cin moriyarsa. Shi ma da ɗan ƙaramin gwaji a kan yara kaɗan ya fara. Amma mai kuɗi shi ke zaɓen tambaya, kuma ranar da ya ga dama yana iya naɗe tabarmarsa. Mun gani da idonmu a Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, a tsakiyar shekara kuma aka rufe hukumar USAID. Ayyuka da dama a Afirka sun tsaya cak a tsakiyar hanya.

Shawarar da nake kawowa ba sabuwa ba ce. Tun 1990 wani kwamitin ƙasa da ƙasa kan binciken lafiya ya ce kowace ƙasa mai tasowa ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na abin da take kashewa a kiwon lafiya domin bincike. A 2008 ministoci suka taru a Bamako ta ƙasar Mali suka sake jaddada wannan adadi. Gwamnatoci ba su cika ba, kamar yadda yawancinsu ba su cika alkawarin Abuja na 2001 na bai wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi ba. To abin da ya gagari ƙasa, asibiti guda yana iya yin sa a cikin gidansa. A ƙaddara lab ɗin wani asibiti yana shigo da naira miliyan 300 a shekara. Kashi 2 cikin 100 miliyan 6 ke nan. Zai ɗauki ƙananan ayyuka biyar ko shida. Manomi komai ƙarancin amfanin da ya samu, ba ya cinye iri. Lab yana cikin sassan da suka fi kawo wa asibiti kuɗi, amma duk abin da ya kawo ana cinyewa, ba a bar masa abin shukawa.

Na san abin da shugaban asibiti zai ce, kuma yana da hujja. Zai ce kuɗin dizal da na wuta sun sha masa kai, injin wankin ƙoda ya lalace, ana bin sa bashin iskar oksijin. Zai ce tun 2015 kuɗin asibitocin tarayya a asusun bai-ɗaya suke shiga. Duk gaskiya ne. Amma asusun bai-ɗaya bai hana asibitoci tafiyar da asusun jujjuya kuɗin magani ba. Abin da ake buƙata layi ɗaya ne a cikin kasafi, da amincewar hukumar gudanarwa. Game da tsadar kaya kuwa, asibitin da ya san maganin da ya daina ci zai daina sayensa, wanda ya san gwajin da ba ya faɗin gaskiya zai daina ɓarnar sinadari a kansa. Sharaɗi ɗaya dai ba na sassauci a kansa: kada a ƙara wa mara lafiya ko kwabo da sunan bincike. Mutumin da ya sayar da akuya ya zo asibiti ya riga ya biya nasa.

Tsoro na biyu shi ne wanda kowa ke rayawa a zuci: kuɗin za su zama na shugaban sashe da 'yan gaban goshinsa. Wannan yana iya faruwa, shi ya sa yadda za a tsara abin ya kai ware kuɗin muhimmanci. A buɗe neman sau biyu a shekara, takarda shafi biyu ko uku, mai nema ya faɗi tambayarsa da yadda amsar za ta canza jinyar marasa lafiya a wannan asibiti. Kwamitin ya haɗa da likitan wani sashe daban da malami daga jami'a, kuma duk wanda ɗalibinsa ya nema ya fita daga ɗakin lokacin da ake duba takardar. Kada a ba kowa tsabar kuɗi a hannu, a saya masa sinadarin da ya rubuta. Ban da tikitin jirgi, ban da alawus ɗin zama, ban da kuɗin biyan mujallun bogi da ke buga komai in an biya su. A manna sunayen waɗanda suka samu, da adadin, a allon sanarwa inda masinja ma zai gani. Bayan shekara mutum ya tsaya gaban ma'aikatan asibiti ya faɗi abin da ya gano, ko da abin da ya gano shi ne zatonsa bai tabbata ba. Wanda bai kawo rahoto ba, ba shi ba ƙari.

Ina da ƙarin roƙo biyu a nan. Na farko, a fifita ƙanana. Farfesa yana da hanyoyinsa, mai tasowa ne ba shi da kowa. Na biyu, kowa a harkar lafiya ya san tsamin dangantakar da ke tsakanin likitocin fatoloji da masana kimiyyar gwaje-gwaje a asibitocin ƙasar nan, rigimar da ta kai har kotu. Idan asusun ya zama na ɓangare ɗaya, ya mutu tun ranar haihuwarsa. A ba da fifiko ga aikin da ɓangarorin biyu suka sa hannu tare. Aikin Warren da Marshall da kansa bai yiwu ba sai da ma'aikatan da ke kula da faranti.

Sai batun amana, wanda mutanen Kano ba sa buƙatar a tuna musu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu, kuma shari'ar ta ɗauki shekaru. Tabon wannan yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Kasancewar kuɗi na cikin gida ne, mai binciken kuma ɗan gida ne, bai ɗauke masa komai ba. Kwamitin ɗa'ar bincike ya duba aikin kafin a saki ko sisi, a nemi izinin mara lafiya da harshen da yake ji, a ɓoye sunansa. Jinin da mutum ya bayar domin a duba lafiyarsa amana ce a hannun asibiti.

A ƙasashen Afirka kudu da Sahara, an ƙiyasta likitan da ke duba tsoka ɗaya ne ga mutum kusan miliyan guda, kuma 'yan kaɗan ɗin da muke horarwa suna ta ficewa zuwa Saudiyya da Ingila da Kanada. Albashi ne babban dalili, ba musu. Amma mai ilimi yana kuma son ya ga tambayar da ke cin ransa ta samu amsa. Wanda ya san cewa in ya ga wani baƙon abu a ƙarƙashin madubi akwai ƙofar da zai ƙwanƙwasa a cikin asibitinsa, ya fi wanda ba shi da ita dalilin zama.

Saboda haka ina kira ga shugabannin asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya, da hukumomin gudanarwarsu, da kwamishinonin lafiya na jihohin da ke da asibitocin ƙwararru: a kasafin da za ku rubuta na shekara mai zuwa, ku sa wannan layi. In kashi 2 ya yi muku nauyi, ku fara da kashi 1, amma ku rubuta shi a ƙa'ida yadda wanda zai gaje ku ba zai soke shi da baki ba. Shugabannin sassan fatoloji, kada ku jira a kawo muku, ku rubuta takardar ku kai. Attajiranmu masu gina ɗakunan jinya, Allah ya saka da alheri, ku sani ana iya yin wakafi a kan irin wannan asusu, a ɗora a kan abin da asibiti ya ware. Ku kuma masu sauraro, idan aka yi wa naku tiyata aka miƙo muku tsoka a roba, ku kai ta lab a wannan rana, kada ta kwana a hannunku, kuma ku koma ku karɓi sakamakon ku kai wa likita.